Daga Darma zuwa Roba: Waiwaye kan Kayan Gyaran Tsofaffin Tagogi

Gidan da na tashi a cikinsa a Kaduna gidan ma'aikatan gwamnati ne, ginin tun kafin samun 'yancin kai. Tagoginsa na ƙarfe ne, an yanka kowace gida-gida da ƙananan gilasai. Kowace tana da mariƙin tagulla mai lanƙwasa, da wani dogon ƙarfe mai huji-huji da ake saƙalawa a kan ƙusa don kada iska ta buga ta. Fentin shekara da shekaru ya riga ya binne sunan kamfanin da ya yi su. Wata safiyar hunturu sai mariƙin tagar ɗakin mahaifiyata ya karye a hannun ƙanena. Aka kira mai walda, ya juya guntun a tafinsa, ya ce, "Hajiya, ai yanzu ba a yin irin wannan." Ya kawo ƙarfe ya liƙe tagar ruf. Shekara goma sha ɗaya ba ta sake buɗuwa ba, alhali firam ɗinta garau yake, gilasanta ko tsaga babu. Abin da bai wuce tsawon tafin hannu ba shi ya kashe ta.

Tun daga lokacin nake kallon taga ta wajen ƙananan kayanta. Da wuya a ce katako ko ƙarfen taga ne ya fara gazawa. Igiya ce ke tsinkewa, hinji ya ci, sakata ta saki, mariƙi ya karye, daga nan kuma rayuwar tagar ta rataya a kan ko akwai wanda zai iya yin wani. A Ingila, inda irin tagar gidanmu ta samo asali, wannan magana ta haura shekara 300, kuma a cikinta sana'a guda ta tashi, ta kusa mutuwa, ta sake miƙewa.

Tagar da Ingila ta fi shahara da ita ba irin tamu ba ce mai buɗewa waje kamar ƙyaure. Firam biyu ne na katako, ɗaya gaba ɗaya baya, suna zamewa sama da ƙasa. Sash suke ce mata. Ta bayyana a shekarun 1670, lokacin da ake sake gina Landan bayan babbar gobarar 1666. Gidan Ham House da ke gefen kogin Thames yana cikin waɗanda suka fara samun ta, kuma wasu na danganta dabarar da Robert Hooke, masanin da ya yi aikin awon filayen birnin bayan gobarar. Sirrinta a ɓoye yake. A kowane gefe akwai siririn akwatin katako, a cikinsa curin darma na reto a jikin igiya, igiyar ta bi ta kan wata 'yar taya irin ta bakin rijiya, ta zo ta kama firam. Nauyin curin biyu ya yi daidai da nauyin firam da gilashinsa, saboda haka ko yaro zai ɗaga ta, kuma duk inda ya sake ta nan za ta tsaya.

Kayanta ke nan gaba ɗaya: igiya, 'yar taya, curi, sai sakatar da ke haɗe firam biyun a tsakiya. Tayoyin farko ma na katako ne mai tauri, daga baya aka koma tagulla da ƙarfen zubi. A wancan zamani babu wani awo da kowa ya yarda da shi, kowane kafinta da nasa, amma hakan bai dami kowa ba, domin wanda ya yi tagar, ko yaronsa, yana nan a gari. In abu ya lalace a sake yi.

Doka da haraji su suka yi ta sauya mata kama. Tsoron gobara ya sa dokar gini ta Landan ta 1709 ta ce a tura firam ɗin taga ciki da inci 4 daga fuskar bango, ta 1774 kuma ta ce a ɓoye akwatin curin a bayan bulo. Har yau mai gyara yakan tsaya a bakin titi ya dubi yadda taga ta zauna a bango, ya ƙiyasta shekarunta, ya san irin tayar da zai tarar a ciki. Harajin taga, wanda aka ɗora a 1696 ba a janye ba sai 1851, ya sa masu gidaje da dama sun toshe tagoginsu da bulo. Amma harajin gilashi ne ya fi taɓa kayan taga, domin bisa nauyi ake karɓarsa. Gilashi ya zama siriri, ƙanana-ƙanana, curi ma mara nauyi sosai. A 1832 kamfanin Chance Brothers da ke Smethwick ya fara yin manyan fallayen gilashi da dabarar da ya ɗauko daga Faransa, a 1845 aka soke harajin, sai kowa ya so gilashi babba. Mutane suka riƙa sare sandunan da suka raba tsofaffin tagoginsu gida-gida suna sa falle guda. Gilashin ya fi na da nauyi, curin da ke cikin akwati ya daina iya riƙe shi, dole a ƙara masa ko a canza shi, a sa igiya mai kauri, wani lokaci ma sarƙa. Kafintoci kuma suka fara barin wani ɗan ƙaho a kusurwar firam don ya ƙarfafa mahaɗin da aka ɗora wa nauyi.

A daidai wannan lokaci aikin ya bar hannun maƙerin unguwa ya koma masana'anta. Birmingham ta zama garin tagulla, Willenhall garin kwado da makulli, West Bromwich kuma garin zubin ƙarfe, inda Archibald Kenrick ya kafa masana'antarsa a 1791. Curin ƙarfen zubi ya kori na darma saboda arha. Kamfanoni suka riƙa buga kundi mai zanen kowane kaya da lambarsa, ana aika wa masu shagon kayan ƙarfe a kowane gari. Wasu sunayen sakatar taga na wancan ƙarni, irin su Brighton da Fitch, da su ake ciniki har yanzu. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da awo guda na zaren noti da sukuru, abin da ya sa sukurun wannan kamfani ya iya shiga notin wancan.

A ganina ba a taɓa yin zamanin da ya fi wannan dacewa da mai gida ba. Kayan masana'anta ne, masu arha, amma ba a rufe suke ba. Komai da sukuru aka ɗaure shi. Tayar kowane kamfani za ta shiga ramin wata in kafinta ya ɗan sa kurfi ya gyara bakin. Dubi yadda ake canza igiya, aikin da bai sauya ba tun ƙarni na 18. Kafinta zai ɓamɓare siririn katakon da ya tare firam daga ciki, ya fito da firam ɗin ya jingine. A ƙasan akwatin akwai 'yar ƙofa da aka yanka tun ranar da aka yi tagar, don wannan ranar. Zai buɗe ta, ya zura hannu cikin ƙurar shekaru ya laluɓo curin da ya faɗi. Sai ya ɗaura ɗan guntun darma a bakin zare, abin da suke kira ɓera, ya tura shi ta kan taya ya gangara cikin duhu, ya kamo shi ta ƙasa, ya jawo sabuwar igiya da shi. Ya ƙulle curi, ya ja shi sama, ya kafe ɗaya bakin igiyar da ƙusa a gefen firam. Wannan 'yar ƙofa tana burge ni ƙwarai. Wanda ya yanka ta ya san igiyarsa za ta tsinke wata rana bayan ba ya duniya, kuma ya bar wa na baya hanya.

Tagar ƙarfe ta zo da nata labarin. A 1849 Francis Berrington Crittall ya sayi shagon kayan ƙarfe a garin Braintree da ke Essex. Ɗansa Francis Henry ne ya fara ƙera tagogin ƙarfe a 1884. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da gwamnati ta shiga gina gidajen talakawa bisa dokar 1919 ga kuma ƙarancin katako, sai aka tsayar da awo guda na tagar ƙarfe, aka yi ta buga ta dubbai. Kamfanin ya bunƙasa har ya gina wa ma'aikatansa ƙauye guda, Silver End, daga 1926. A 1965 ya haɗe da abokin gasarsa Henry Hope na Birmingham, kuma sunan Crittall-Hope ya iso har Najeriya ya zauna a bakin magina. Duk wanda ya yi karatu a tsohuwar sakandaren gwamnati ko ya kwanta a tsohon asibiti a ƙasar nan ya taɓa irin wannan taga.

Ciwonta tsatsa. Sai a shekarun 1950 tsoma ƙarfen taga cikin narkakkiyar tutiya ya zama ruwan dare. Waɗanda aka yi kafin nan, in fenti ya fashe ruwa ya shiga, tsatsa kan kumbura ta matse gilashi har ya tsage, firam ya karkace ya ƙi rufuwa. Maganin shi ne a yanke inda ya ci, yawanci sandar ƙasa, a yi waldar sabo. To amma sai an samu sanda mai siffa iri ɗaya, kuma da yawa daga siffofin da an daina murza su. Shi ya sa masu wannan sana'a a Ingila suke tara tsofaffin tagogin da aka cire daga gine-ginen da aka rushe, suna yankar wannan su ɗinke waccan. Ga kuma matsalar zare. Daga 1965 Birtaniya ta kama hanyar komawa awon mita, sukurun Whitworth ya fara ɓacewa daga shaguna. Mutum ya samu mariƙin da ya dace, amma ya rasa sukurun da zai ɗaure shi.

Akwai wani ƙaramin sauyi da ba a cika ambata ba, wanda ni kuwa nake ganin daga nan hanya ta rabu. A shekarun 1930 aka fara sayar da murɗaɗɗen sifirin a cikin bututu, wanda ke yin aikin igiya da curi ba tare da akwati ba. Ya rage katako, ya rage kuɗi. Amma shi ne kayan taga na farko da babu kafinta ko maƙerin da zai iya yi da hannunsa. In ya saki, sai a auna tsawon bututun da nauyin firam, a aika masana'anta. Curin ƙarfe kuwa ba ya gajiya, ko shekara 200 ya yi.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1959 kamfanin Pilkington ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, gilashi ya fito sumul, tsofaffin hanyoyin yinsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Tagar roba ta PVC, wadda aka fara yi a Jamus a shekarun 1950, ta samu kasuwa bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da ɗumama gida ya zama abin tsada. A Ingila, dokar 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saye, kuma abin da yawancinsu suka fara canzawa shi ne ƙofa da taga. Dillalai suka bi gida-gida. Tagogin da suka ga sarakuna biyar ko shida suka ƙare a juji, da tagullarsu da curinsu da gilashinsu. Ƙananan gidajen zubi suka rasa ciniki, da dama suka rufe.

Ba na ganin laifin masu gidajen. Sanyin Ingila ba na wasa ba ne, kuma tsohuwar tagar da aka yi shekara talatin ba a kula da ita ba tana shigar da iska, tana kaɗawa da dare, fenti ya liƙe ta. An ce musu ga wadda ba ta son fenti, ba ta son gyara, suka karɓa. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne wadda ba ta son gyara ba ta kuma karɓar gyara. Kusurwoyinta narke su aka yi aka haɗe. Gilashinta biyu ne a manne, in bakin ya saki sai hazo ya taru a tsakani, babu yadda za a goge. Makullinta doguwar sanda ce da ke bin gefen firam, a tsakiyarta akwai ɗan akwatin giya na tutiyar zubi, kuma shi ne ke fara fashewa. Kamfanin da ya sa tagar sau da yawa ya riga ya rufe, wanda ya yi makullin ya canza samfuri.

Haka wata sabuwar sana'a ta fito, ta gane kaya. Akwai shaguna yanzu da aikinsu ke nan: a aika musu hoton fasasshen makulli, su ce a auna daga fuska zuwa tsakiyar ramin mariƙi, milimita 20 ne ko 22. Su tambayi kaurin hinji in ya naɗe, 13 ne ko 17. Mariƙi ne kawai ya yi sa'a, domin yawancin kamfanoni sun tsaya a kan milimita 43 tsakanin sukurunsa biyu da sanda mai milimita 7. In ba a samu daidai ba, akwai masu ƙera makullin da ake iya matsawa ya hau tagogi iri-iri. Duk da haka, sau da yawa mai tagar 1790 ya fi mai tagar 1990 saurin samun abin da yake nema.

Yadda tsohuwar sana'ar ta dawo kuwa, doka ce ta fara buɗe mata ƙofa. Tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda aƙidarta ita ce a gyara abin da aka tarar, kada a musanya shi. Dokar 1947 ta tsayar da tsarin yi wa gine-ginen tarihi rajista, ta 1967 kuma ta ba da damar kare unguwa sukutum, garin Stamford ya zama na farko. A farkon shekarun 1990 hukumar English Heritage ta yi gangami musamman a kan tagogi, tana nuna wa mutane abin da titi ke rasawa in aka cire su. Mai gida mai rajista ba shi da ikon sa roba, dole ya gyara, kuma gyara na buƙatar kaya.

Sai dai kafin a kwaikwayi abu sai an san yadda yake. A nan ne aikin Charles Brooking ya yi rana. Tun yana yaro ya fara bin wuraren rusau yana ceto tagogi da tayoyi da sakatu, yana rubuta gidan da kowanne ya fito da shekarunsa. Abin da aka ɗauka tarkace ne ya zama taskar da masu zanen gini da masu gyara ke zuwa dubawa, har aka baje wani ɓangarensa a babban baje kolin gine-gine na Venice a 2014.

Zubin kayan tagar kansa bai canza ba. Akan ɗauki tsohon mariƙi a kankare masa fenti, a danna shi cikin yashi mai danshi a akwati mai ɓari biyu, a ɗaga a cire shi, a bar siffarsa, a mayar da akwatin a zuba narkakkiyar tagulla. In ta huce a fasa yashin, a yanke wutsiya, a bi da magagari, a huda, a goge. Wahalar tana wuri guda: ƙarfe na tsukewa in ya huce, tagulla kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, ƙarfen zubi kusan kashi ɗaya. Wanda ya yi zubi kai tsaye daga tsohon kaya zai samu ɗan da bai kai uban ba, ramukan sukuru su kauce. Masu sassaƙa samfuri na da suna da ma'auni na musamman wanda incinsa ya ɗan fi inci tsawo saboda wannan. Yau kuma na'ura ce ke ɗaukar siffar tsohon kayan ta sa a kwamfuta, a cike inda ya cinye, a ƙara girman da za a rasa, a buga samfurin roba a kai gidan zubi. Kayan da ke da ado mai laushi kuma da kaki ake yinsu, a lulluɓe, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa, dabarar da maƙeran tagulla na Benin suka ƙware a kai tun ƙarnuka da suka wuce.

Gilashi mai ɗan lanƙwasa irin na da ana samunsa daga masu hura shi da baki, kamar Lamberts a Waldsassen ta Jamus da Saint-Just a Faransa. Iskar da ta kori mutane daga tsohuwar taga an samo mata magani mai sauƙi, wani siririn burushi da ake binnewa a gefen firam. Inda kuma aka yarda a sa siririn gilashi mai ruɓi biyu a tsohon firam, nauyi kan ƙaru, curin ƙarfe ya kasa, akwatin kuma ba ya faɗaɗuwa. Darma ta fi ƙarfen zubi nauyi da fiye da rabi a girma ɗaya. Ga ta nan ta koma cikin akwatin da aka kore ta shekaru sama da ɗari da suka wuce.

Mu a nan ba mu da dokar da ke kare tagar kowa. Tagar ƙarfe ta ba lubas wuri, lubas ta ba alminiyam mai zamewa wuri, kuma kowa ya san yadda ta alminiyam ke ƙarewa: 'yar tayar robar da ke ƙasa ta cika da ƙurar hunturu ta fashe, a riƙa jan tagar da hannu biyu tana ƙara. Abin da muke da shi shi ne masu zubi. Bayan shekara goma sha ɗayan nan na kwance mariƙin tagar kicin, wanda yake lafiya, na kai shi kasuwar Panteka wurin wani dattijo mai zubin tukwane. Ya riƙe shi ya jinjina nauyinsa.

"Wannan tagulla ce ta gaske, ɗana. Da alminiyam kake so ko da irinta?"

Na ce, "Baba, da irinta, in za a samu."

Ya aiki yaronsa ya kawo kawunan tsofaffin famfo guda uku. Kafin ya danna mariƙin a yashi sai na ga ya shafe shi da kakin zuma, ya ƙara masa kauri kaɗan. Na tambaye shi dalili, ya ce in ba haka ba zai fito a rame. Sukurun kuma ya hana ni jefarwa, ya ce in je in tono na tsohon daga jikin firam, don zarensa ba na kasuwar yanzu ba ne.

Ran Asabar aka kira mai walda ya yanke ƙarfen da aka liƙe tagar da shi. Hinjin ya sha man inji, ya yi ƙara sau biyu, ya saki. Mahaifiyata tana zaune a bakin gado da carbi a hannu, ta ce a bar mata ita a buɗe har la'asar.